Tarihin Rayuwar Claude Monet (1840–1926), Mai Zanen Jiragen Ƙasa da Fentin Mai

Gabatarwa

'Yan'uwana ɗalibai, a shafin tarihin mashahuran mutane mun saba karanta rayuwar sarakuna da malamai da mawaƙa da marubuta. A wannan karo ina neman izininku in ɗauke ku zuwa ƙasar Faransa, domin mu duba rayuwar wani mai zane da ake kira Claude Monet. Kasancewar mu ɗaliban harshe ne, yana da kyau in fara da sunan: Faransawa ba sa furta harafin ƙarshe, saboda haka a baki Kulod Mone ake cewa.

Wani zai iya tambaya, ina ruwan ɗalibin Hausa da Bafaranshen da ya rasu tun 1926? Dalilina shi ne jirgin ƙasa. Ni haifaffiyar Agege ce a Legas, da Yarabanci na buɗe baki, Hausa kuwa a bakin maƙwabta na tsince ta kafin in zo jami'a in karance ta. Duk wanda ya san Agege ya san layin dogo ne ya ratsa ta tsakiyarta, kuma cinikin goro da jirgin da ke kai shi Arewa na cikin manyan abubuwan da suka zaunar da Hausawa a wurin. Monet kuwa yana cikin mutanen farko da suka dubi tashar jirgi, da ƙararta da hayaƙinta, suka ga abin da ya cancanci a zana. Wannan maƙala za ta bi rayuwarsa daga haihuwa zuwa rasuwa, tare da mai da hankali a kan zanensa na jirage da kuma wahalar da ya sha kafin aikinsa ya isa idon jama'a.

Haihuwarsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Oscar-Claude Monet a birnin Faris ranar 14 ga Nuwamba, 1840. Yana da kimanin shekara biyar iyayensa suka koma Le Havre, wani gari mai tashar jiragen ruwa a yankin Nomandi, inda mahaifinsa Adolphe ya shiga harkar sayar da kayan masarufi da kayan da jiragen ruwa ke buƙata. Burin mahaifin shi ne yaron ya gaje shi a kasuwanci. Yaron kuwa hankalinsa na bakin teku da gefen littattafansa na makaranta, inda yake zana fuskokin malamansa.

Tun yana matashi ya yi suna a garin da zanen barkwanci, wato ya zana mutum da ƙaton kai da ɗan ƙaramin jiki, ya ƙara wa hanci tsawo ko ya faɗaɗa baki. Yana sayar da kowane ɗaya faran goma zuwa ashirin. Mahaifiyarsa Louise ta rasu a Janairun 1857, daga nan sai goggonsa Marie-Jeanne Lecadre, wadda ita ma takan taɓa zane, ta zama ita ce mai tsaya masa.

A shagon da ake kafa zanensa na barkwanci ne ya haɗu da Eugène Boudin, mai zanen teku da sararin sama. Boudin ya yi ta jan sa har ya yarda ya bi shi waje, su kafa kayan aikinsu a fili su zana abin da ke gabansu da fentin mai. A wancan zamani yawancin masu zane a ɗaki suke kammala aikinsu. Abin da ya sauƙaƙa fita waje shi ne wata ƙirƙira ta 1841, lokacin da wani Ba'amurke mai suna John Goffe Rand ya samar da ɗan bututun ƙarfe mai laushi da ake ɗura fenti a ciki, irin na man goge baki da muka sani yau. Kafin nan a mafitsarar dabba ake ƙulle fenti, da an huda ta kuwa sai ya soma bushewa. Shi fentin mai garin launi ne da ake kwaɓawa da man tsirrai. Ba ya bushewa da wuri, don haka mai zane na iya cakuɗa launuka a kan ƙyallen zanen, ko ya ɗora wani bisa wani da kauri.

Karatunsa da Aikin Soja

A 1859 Monet ya tafi Faris da kuɗin da ya tara daga zanen barkwanci. Ya shiga wani ɗakin koyon zane da ake kira Académie Suisse, inda ya haɗu da Camille Pissarro. A 1861 ƙuri'ar shiga soja ta faɗo kansa, aka tura shi Aljeriya, wadda Faransa ke mulka a lokacin, cikin rundunar mahaya dawaki. Wa'adin shekara bakwai ne, amma bayan kimanin shekara guda zazzaɓin taifot ya kwantar da shi, aka mayar da shi gida. Goggonsa ta biya kuɗi aka sallame shi, bisa sharaɗin ya koyi zane a hannun sanannen malami. A nan za mu ga cewa ƙasar Afirka ma tana da rabo a tarihinsa, domin daga baya shi da kansa ya danganta sha'awarsa ga haske da launi da abin da idonsa ya gani a Aljeriya.

A 1862 ya shiga ɗakin koyarwar Charles Gleyre. Bai daɗe yana jituwa da tsarin malamin ba, amma a can ya sami abokai uku da suka zama abokan tafiyarsa: Pierre-Auguste Renoir da Alfred Sisley da Frédéric Bazille.

Masu Tsaron Ƙofa

Domin mu fahimci wahalar da waɗannan samari suka sha, dole mu san yadda zane ke isa ga jama'a a Faransa ta wancan lokaci. Akwai wani babban baje koli da hukuma ke shiryawa a Faris, ana kiran sa Salon. Wani kwamitin alƙalai ne ke zaɓar abin da za a rataye a bango. Wanda aka karɓi aikinsa dubban mutane za su gani, jaridu su yi magana, masu kuɗi su saya. Wanda aka ƙi kuwa sai ya ɗauki kayansa ya koma gida. Alƙalan sun fi son zanen tarihi da tatsuniyoyin Girka da Rum da hotunan manyan mutane, a goge su sumul har ba a ganin sawun buroshi.

Da farko Monet ya yi sa'a. A 1865 an karɓi zanensa biyu na teku, a 1866 kuma aka karɓi hoton wata budurwa mai koriyar riga, wato Camille Doncieux, wadda daga baya ta zama matarsa. Amma a 1867 aka ƙi babban zanensa na mata a cikin lambu. A shekarar ce Camille ta haifa masa ɗa, Jean. Mahaifinsa bai amince da ita ba, tallafin da ke zuwa daga gida ya yi ta yankewa, har ta kai abokinsa Bazille ne ke rufa masa asiri. Sun yi aure ranar 28 ga Yuni, 1870.

Ba a yi wata guda da auren ba yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Furushiya, wato jigon ƙasar Jamus ta yau. Monet ya tsallaka zuwa Landan. Bazille ya shiga soja, aka kashe shi a fagen daga a Nuwambar 1870 yana da shekara ashirin da takwas. Hausawa na cewa wani hani ga Allah baiwa ne. A wannan gudun hijira ne Monet ya haɗu da Paul Durand-Ruel, dillalin zane wanda ya yi shekaru yana sayen aikinsa lokacin da kowa ke gudu. A Landan ɗin kuma ya ga ayyukan Baturen Ingila J. M. W. Turner, wanda tun 1844 ya zana jirgin ƙasa yana keta ruwan sama a kan gada.

Zaman Argenteuil da Baje Kolin 1874

A ƙarshen 1871, bayan ɗan zama a Holan, Monet ya sauka a Argenteuil, wani ƙaramin gari a bakin Kogin Seine. Tafiyar kusan minti goma sha biyar ce a jirgi daga Faris, kuma gidansa ba shi da nisa da tasha. A nan jirgin ƙasa ya shiga zanensa sosai. Ya zana gadar jirgi ta garin a 1873 da 1874, jirgi na wucewa ta sama, kwale-kwale na shawagi a ƙasa. A 1875 ya zana jirgi tsaye cikin dusar ƙanƙara, fitilunsa biyu na haskawa cikin hazo kamar idanu.

Da suka gaji da jiran hukuncin alƙalan Salon, Monet da abokansa suka kafa ƙungiyar kansu. Ranar 15 ga Afrilu, 1874, suka buɗe nasu baje kolin a tsohon ɗakin aikin wani mai ɗaukar hoto da ake kira Nadar, a titin Capucines. Mutum talatin ne suka kawo aikinsu, ciki har da Renoir da Pissarro da Sisley da Edgar Degas da Paul Cézanne da kuma mace, Berthe Morisot. Cikin abin da Monet ya rataye akwai zanen fitowar rana a tashar ruwa ta Le Havre, wanda ya sa wa suna da kalmar Faransanci impression, ma'ana abin da ido ya ɗauka a kallon farko kafin hankali ya tsaya tantancewa. Wani ɗan jarida mai suna Louis Leroy ya ɗauki kalmar ya yi musu ba'a da ita a jaridar Le Charivari. Sunan ba'a ya bi su, su kuma daga baya suka karɓe shi ya zama sunansu. Idan da za a nemi shawarata a ajin fassara, da na kira su masu zanen kallon farko.

Baje kolin bai kawo riba ba. Kafin shekarar ta ƙare ƙungiyar ta watse da bashi a kanta, gwanjon da suka yi a 1875 kuma ya tashi da farashi mai ban tausayi. Duk da haka sun nuna cewa mai zane na iya kai aikinsa gaban jama'a ba tare da ya bi ta ƙofar hukuma ba.

Tashar Saint-Lazare, 1877

Wannan shi ne ɓangaren rayuwarsa da ya fi jan hankalina. Saint-Lazare ita ce tashar jirgin ƙasa ta farko a Faris, an buɗe ta a 1837. Daga nan jirage ke tashi zuwa Nomandi, har Le Havre inda ya girma, kuma ta nan yake shigowa birni daga Argenteuil. Ke nan tasha ce da ya sani kamar tafin hannunsa.

A Janairun 1877 ya sami izinin kamfanin jiragen yammacin Faransa ya kafa kayan zanensa a cikin tashar. Ba shi da kuɗin hayar ɗaki a kusa, sai abokinsa Gustave Caillebotte, mai zane kuma mai hali, ya biya masa hayar wani ɗaki a titin Moncey. Jean Renoir, ɗan abokinsa Renoir, ya ba da labari a littafin da ya rubuta kan mahaifinsa cewa Monet ya caɓa ado da mafi kyawun tufafinsa, ya je wurin shugaban kamfanin da isa irin ta babban mutum, har aka tsayar masa da jirage, aka cika su da kwal domin su fitar da hayaƙin da yake so. Masana tarihi na ganin an ƙara wa labarin gishiri. Abin da ke tabbas shi ne cikin watanni kaɗan ya fito da zane goma sha biyu na tashar, wasu daga cikin rumfar, wasu daga waje inda layuka ke rarrabuwa a ƙarƙashin gadar da ake kira Gadar Turai.

Na daɗe ina kallon hotunan waɗannan zane a intanet, kuma abin da na lura da shi shi ne Monet bai damu da ƙirga ƙusoshin injin ba. A wanda ke gidan tarihi na Orsay a Faris, rufin ƙarfe da gilashi ya yi kusurwa a sama kamar jinka, kan jirgi baƙi ƙirin na shigowa ta tsakiya, hasken rana ya ratso gilashi ya zuba a kan layin dogo. Tururin da ke cikin inuwar rumfa shuɗi ne, wanda ya fita rana kuwa fari ne da ɗan ruwan hoda. Gidajen da ke bayan tasha sun zama kamar ana hango su cikin hazon hunturu. Mutane kuwa ɗigo-ɗigo ne kawai na buroshi, amma kana gani ka san wannan ma'aikaci ne, waɗancan fasinjoji ne. A wanda ke Jami'ar Harvard a Amurka kusan wuri ɗaya ne, sai dai ranar babu rana, komai ya koma ruwan toka, injin ya ƙara girma da nauyi.

A nan ne wahalar aikin take. Dutse ko gini yana tsayawa a zana shi, amma tururi ba ya jiran kowa: kafin ka tsoma buroshi a fenti ya sake siffa, kafin ka ɗago kai jirgin ya tashi. Dabararsa ita ce ya yi aiki da sauri da gajerun shafe-shafe, ya ajiye launi kusa da launi ya bar idon mai kallo ya haɗa su daga nesa. Hatta baƙin injin, idan aka ƙura ido, za a ga akwai shuɗi da ja da shunayya a cikinsa. Binciken da masana suka yi wa wanda ke Landan ya nuna cewa yawancin duhun da ke ciki daga cakuɗa launuka masu haske ya samo shi.

A Afrilun 1877 ya nuna bakwai daga cikinsu a baje koli na uku na ƙungiyarsu. Wasu 'yan jarida suka yi dariya, suna ganin hayaƙi ya rufe abin da ya kamata a gani. Amma marubuci Émile Zola ya yaba, yana ganin tashoshin jirgi sun zama wa masu zanen zamaninsa abin da dazuzzuka da koguna suka kasance wa iyayensu. Bugu da ƙari, wannan ne karo na farko da Monet ya ɗauki wuri guda ya zana shi sau da yawa a yanayi daban-daban, dabarar da daga baya ta zama tambarinsa.

Talauci da Rashin Camille

Kada mai karatu ya ɗauka daga nan arziki ya zo. Wasiƙunsa na waɗannan shekaru cike suke da roƙon rance daga abokai, irin su Édouard Manet da Zola da wani likita mai suna Georges de Bellio. A farkon 1878 ya bar Argenteuil da bashi. A watan Maris Camille ta haifi ɗansu na biyu, Michel, lafiyarta kuma ta ci gaba da taɓarɓarewa. Suka koma ƙauyen Vétheuil, inda suka haɗa gida da iyalin Ernest Hoschedé, wani attajiri mai sayen zanensa wanda ya karye a 1877. Matar Hoschedé, Alice, tana da 'ya'ya shida, kuma ita ce ta yi jinyar Camille.

Camille ta rasu ranar 5 ga Satumba, 1879, tana da shekara talatin da biyu. Talaucin ya kai har sai da Monet ya roƙi de Bellio ya fanso masa wata sarƙarta da suka jinginar, domin a binne ta da ita. Ya kuma zana fuskarta a kan gadon mutuwa, zanen da ke Orsay a yau. Ba zan ɓoye cewa zaman da ya ci gaba da yi da Alice, alhali mijinta na raye, ya jawo surutu a lokacin ba. Sai a 1892, bayan rasuwar Hoschedé, suka yi aure.

Giverny da Zuwan Nasara

A 1883 ya kama hayar gida a Giverny, kimanin kilomita 75 daga Faris. Ana cewa ta tagar jirgi ya fara hango ƙauyen. Mahaƙurci mawadaci, in ji Hausawa. A 1886 Durand-Ruel ya kai ayyukan ƙungiyar birnin New York, Amurkawa suka karɓe su hannu bibbiyu, kasuwa ta buɗe. A 1890 Monet ya saye gidan da yake haya.

Daga nan ya koma ga dabarar da ya fara gwadawa a tashar jirgi. Tsakanin 1890 da 1891 ya zana tarin damman hatsi a gonar maƙwabcinsa sau ashirin da biyar, da safe da yamma, da rani da sanyi. Tsakanin 1892 da 1894 ya zana fuskar babbar majami'ar Rouen kimanin sau talatin. Yakan jera ƙyallaye da yawa a gabansa, da haske ya sauya sai ya ajiye wannan ya ɗauki wancan. Jirgi ma bai bar shi ba. Tsakanin 1899 da 1901 ya yi ta zuwa Landan, yana zana gadar jirgi ta Charing Cross daga barandar otal ɗin Savoy, hayaƙin jirage na narkewa cikin hazon Kogin Thames. A 1904 ya nuna talatin da bakwai daga zanensa na Landan a Faris.

A 1893 ya sayi wani fili daura da gidansa, ya janyo ruwa daga rafi ya yi tafki, ya shuka bado. Wani abin sha'awa shi ne ƙaramin layin dogo ne ya raba gidan da tafkin, sai ya tsallaka shi kafin ya isa wurin aikinsa. Wannan bado, irin wanda muke gani a kududdufan ƙasar Hausa da damina, ya zana shi kimanin sau 250.

Tsufa da Rasuwarsa

Alice ta rasu a 1911. A 1912 likita ya tabbatar masa da yana a idanunsa biyu, a 1914 kuma babban ɗansa Jean ya rasu. Ku duba girman wannan jarrabawa ga mutumin da duk sana'arsa ido ce. Launuka suka soma rikice masa, komai ya koma ja da rawaya, har yana dogara da rubutun da ke jikin bututun fenti. Shi mutum ne mai tsananin sukar kansa, yakan yayyaga zanen da bai gamsar da shi ba. Duk da haka a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya gina ƙaton ɗakin aiki ya shiga zana bado a kan ƙyallaye masu tsayin mita biyu.

Washegarin tsagaita wuta, ranar 12 ga Nuwamba, 1918, ya rubuta wa abokinsa Georges Clemenceau, firaministan Faransa na lokacin, cewa zai ba ƙasa kyautar zane domin murnar zaman lafiya. Clemenceau ne kuma ya matsa masa har ya yarda aka yi masa aikin ido a 1923. Monet ya rasu a Giverny ranar 5 ga Disamba, 1926, yana da shekara 86, sakamakon ciwon daji na huhu. A Mayun 1927 aka buɗe ɗakuna biyu a gidan Orangerie na Faris inda manyan zanensa na bado suka zagaye bango. Ɗansa Michel ya rasu a 1966 ya bar gidan Giverny ga cibiyar fasaha ta Faransa, aka gyara shi aka buɗe wa masu ziyara a 1980.

Zanensa a Zamanin Intanet

Zane goma sha biyun nan na Saint-Lazare sun warwatsu a duniya: akwai a Faris da Landan da Chicago da Harvard da Hanoba ta Jamus da Japan, wasu kuma suna hannun masu kuɗi. A 2019 an sayar da ɗaya daga zanensa na damman hatsi a gwanjo a New York a kan dala miliyan 110.7. Wannan aikin mutumin da ya kasa fansar sarƙar matarsa ne.

Ga ɗalibi irina, abin da ya fi farashin muhimmanci shi ne yanzu ana iya ganin su ba tare da biza ba. A 2011 kamfanin Google ya fara sanya hotunan kayan gidajen tarihi a intanet, a 2018 kuma gidan tarihin fasaha na Chicago ya saki dubban hotuna kyauta ga kowa. Da wayar hannu mutum zai iya faɗaɗa hoton har ya ga sawun gashin buroshi. Haka kuma mai zane na yau, ko a Agege yake ko a Fagge, yana iya ɗaukar hoton aikinsa ya sa a Instagram ko Facebook, babu kwamitin alƙalai a tsakaninsa da jama'a. Abin da su Monet suka yi wa hayar ɗaki suka ci bashi a 1874, yau kuɗin data ne kawai. Sai dai hoton waya ba ya nuna kaurin fenti ko girman ƙyalle, kuma yawan masu danna alamar so ba ya biyan kuɗin haya. Ko Monet sai da ya sami dillali mai haƙuri kafin baje koli ya zama abinci.

Kammalawa

Lokacin da Monet ke zana gadar Charing Cross, a nan ƙasarmu ana shimfiɗa layin dogo. An fara aikin daga Legas a 1896, ya ratsa Agege ya isa Ibadan a 1901, jirgi kuma ya shiga Kano a 1911. A kan wannan layi goro ya hau Arewa, gyaɗa da fatu da shanu suka gangaro Kudu, mutane da harsunansu suka cakuɗa. Hausa kanta ta sami rabonta: ta ɗauki jirgi na ruwa ta yi jirgin ƙasa, ta ari reluwe da tasha da tarago ta mayar da su nata. Injinan kwal sun daɗe da barin aiki, na dizal sun maye gurbinsu. A 2021 an buɗe sabon layi daga Legas zuwa Ibadan mai tasha a Agege, a 2024 kuma jirgin cikin gari na jihar Legas da ake kira Jan Layi ya fara tsayawa a can.

Fentin mai ma ba baƙo ne a wurinmu ba. Aina Onabolu, wanda aka haifa a Ijebu-Ode a 1882 ya rasu a 1963, ya yi karatun zane a Landan da Faris, ya dawo a 1922 ya koyar a makarantun Legas. A Zariya kuma ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958 domin haɗa dabarar Turai da gadon gida. Ga kuma zanen bangon gidaje da sassaƙar ƙwarya da zanen jikin manyan motoci da Hausawa suka daɗe da sani.

Saboda haka kirana ga 'yan'uwa ɗalibai shi ne mu ɗauki darasin wannan mutum a namu fagen. Tashar Saint-Lazare ta 1877 ta sauya, injinanta sun tafi, amma saboda mutum ɗaya ya tsaya ya duba da kyau, har yau muna ganin safiyarta. Dattawan da suka yi lodin huhunan goro a tarago, da waɗanda suka yi aikin reluwe a Ebute Metta da Zariya da Kano, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kalmomin sana'arsu na bin su. Mai buroshi a cikinmu ya je tasha ya zana. Mu da alƙalami da rikoda ne kayan aikinmu, mu je mu zauna da waɗannan dattawa, mu rubuta abin da suka gani da Hausa, mu sa shi inda na baya za su same shi. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.